Zuwa ga ɗan'uwan da ya bar Bronx ya tare a Houston: harajin kuɗin sasancinka

Assalamu alaikum Malam.

Ka yi tambaya a bainar jama'a. Ka yi aiki a Bronx da ke birnin New York, aka sallame ka, ka kai ƙara kan bashin albashi da nuna wariya. A watan Maris ka kwashe iyali ka koma Houston a jihar Texas, a Agusta kuɗin sasanci suka iso. Tunda Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, shin ka kuɓuta daga New York? Gaskiya ba ka kuɓuta gaba ɗaya ba, kuma gara ka ji yanzu kafin kuɗin su narke.

Ɗauko takardar yarjejeniyar ka duba abu biyu: me aka biya ka a kai, kuma yaushe aka sa hannu.

Bashin albashi na inda aka zubar da gumi ne. Aikin a New York ka yi shi, don haka jihar na da rabonta ko da a Kano cek ɗin ya same ka. Wannan kaso zai zo a fom W-2, wato takardar bayanin albashi, an cire haraji tun daga tushe. Kuɗin ruwa kuwa suna bin inda mutum ke zaune. Diyyar ɓacin rai a ƙarar aiki ita ce ake yawan jayayya a kai, kuma abin da takardar ta rubuta shi ake fara dubawa.

Ranar sa hannu ce ke kayar da mutane da yawa. A dokar New York, idan haƙƙinka ya tabbata kuma an san adadin kafin ka tashi, ana lissafa kuɗin kamar kana mazaunin jihar ka karɓe su, ko da sun zo bayan wata biyar. To idan a Fabrairu kuka sa hannu, ƙaurar ba ta rage maka komai ba, har harajin birnin New York zai iya hawa kanka. Idan a Yuli ne, sai ka tabbatar da cewa ka tashi da gaske: takardar hayar gidan Houston, lasin tuƙi na Texas, rajistar makarantar yara. Wanda ya riƙe gida a New York kuma ya wuce kwana 183 a can cikin shekara, mazauni ne a idonsu. Idan ƙaurarka ta tabbata, fom ɗinka na jiha a bana shi ne IT-203, na wanda ya bar jihar a tsakiyar shekara.

Ta ɓangaren tarayya, sashe na 104 na dokar haraji ya yafe diyyar rauni ko ciwon jiki kaɗai, kuma taka ba ita ba ce. Ga abin da ya fi damuna: kuɗin lauya. A ce sasancin dala 90,000 ne, lauya ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, 60,000 suka shiga asusunka. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Banks a 2005, hukumar harajin tarayya, IRS, na ɗaukar duka 90,000 a matsayin kuɗinka. Sa'arka ɗaya, ƙarar wariya a wurin aiki na cikin waɗanda doka ta yarda a cire kuɗin lauya. Amma sai an nemi cirewar a fom. Mai cika maka haraji da bai saba da irin wannan ba zai iya tsallake ta, ka biya haraji kan 30,000 da ba ka taɓa riƙewa ba.

Kason da ya zo a fom 1099, wato wanda ba albashi ba, galibi ba a cire masa komai. Kada ka jira Afrilu, lokacin miƙa fom ɗin harajin shekara. Kuɗin Agusta, wa'adin biyan harajinsu na ƙiyasi 15 ga Satumba ne: 1040-ES na tarayya, IT-2105 na New York. Ware kuɗin harajin a asusu dabam kafin ka aika gida, sannan ka kai yarjejeniyar ga akanta mai lasin da ya san dokar New York, ba ta Texas kaɗai ba.

Wassalam.