Ƙanina da barcin da ba ya sallama

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani ciwon yawan barci, nakolefsi, da ya wahalar da mu a gidanmu nan Daura, na san akwai gidaje da yawa da ke fama da shi ba su san sunansa ba.

Ƙanina tun yana aji uku na sakandare barci ke sace shi ba sallama, a aji, a sahun sallah, wallahi har da lomar tuwo a hannu na taɓa ganin ya tafi. Malamai suka ce malalaci ne, ya sha bulala har ya gaji. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne in aka yi raha a majalisa ya ƙyalƙyale da dariya sai gwiwoyinsa su saki, haɓarsa ta zubo, ya sulale ƙasa, amma yana jin duk abin da ake faɗa, bayan minti ɗaya ko biyu ya miƙe garau. Da dare kuma dannau. To ka san mutanenmu, wannan ya ce farfaɗiya, wancan ya ce aljanu, wata gwaggonmu ta rantse sammu ne. An yi rubutu an yi hayaƙi, ya ci goro ya sha Nescafe har hannunsa na rawa, abokai ma har tiramol suka kawo masa wai zai wartsake, Allah ya tsare bai sha ba.

Sai da muka dangana da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Kano aka ce nakolefsi ne. Ba ciwon barcin nan na ƙudan tsando ba ne fa. Likitan ya ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, oreksin, shi ke riƙe mutum a farke, masu wannan ciwo ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke samar da shi ne suka mutu. Sai a 1998 aka gano sinadarin, alhali wani likitan Faransa ya raɗa wa ciwon suna tun 1880. Kusan mutum 1 cikin 2,000 ke da shi, ka lissafa da yawan mutanen jihar Katsina ka gani.

An ɗora shi kan modafinil, ƙwaya da safe, da wani maganin na daban saboda sakin jikin nan, irin wanda ake ba masu ciwon damuwa, da muka ga takardar sai da Inna ta ɓata rai wai an mayar mata da ɗa mahaukaci. Alhamdulillah ya samu sauƙi sosai, amma maganin ba ya warkarwa, riƙe shi kawai yake yi, har yanzu sai ya ɗan kishingiɗa na minti 20 bayan azahar, kuma babur dai an hana shi.

Dalilin wasiƙar nan ma shi ne, wani abokinsa ɗalibi ya zo yana roƙon modafinil ƙwaya biyu wai zai kwana karatun jarrabawa. Haba! Mun ga yadda kodin ya yi da matasanmu har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, kar mu buɗe wata ƙofar. Modafinil na sa ciwon kai da tashin zuciya, yana iya ɗaga hawan jini da bugun zuciya, wasu ƙalilan kuma yakan feso musu da ƙuraje masu haɗari, in aka ga haka a tsaya a ruga asibiti. Mata su sani yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma ba a son mai ciki ta sha. Shi kuwa na sakin jikin ba a yanke shi rana ɗaya, ƙanina ya taɓa yi da kuɗi suka ƙare, kwana uku yana zubewa fiye da da.

Roƙona ga NAFDAC da NDLEA su sa ido kan masu kemis kar su riƙa miƙa modafinil ba takardar likita, ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta taimaka a riƙa samunsa a asibitocinmu, don yanzu sai mun yi saƙo Kano duk wata ga tsada ga kuɗin mota. Malaman makaranta kuma in yaro na yawan gyangyaɗi kullum duk da ya kwana lafiya, a kira iyayensa tukuna kafin a ɗauko dorina.

Naku,
mai karanta jaridarku daga Daura