Zuwa ga aminina a Manchester, kan maganar jami'ar yaronmu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin can? Mu nan Zariya hunturu ya fara leƙowa.

Saƙonka ya iso, kuma na ji damuwar da ke cikinsa. Ka ce malaman yaronmu sun yi hasashen zai ci ABB, wato A ɗaya da B biyu, a jarrabawar A-level ta kammala sakandare, alhali karatun injiniyan da ransa ke so AAA ake nema, har ya daina cin abincin kirki. Wallahi abin ya taɓa ni, domin na san irin ƙoƙarin yaron nan. Amma Malam, ka kwantar da hankalinka. Mu da muka saba da JAMB, maki a hannu muke neman gurbi da shi. A Ingila kuwa yaro kan cike takardar UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, tun bai zauna jarrabawa ba, don haka hasashen malamai ake aikawa, kuma hasashe ba sakamako ba ne.

Ku fara da zuwa wurin malaman kafin a tura takardar. Yaron ne ya kamata ya yi magana, cikin ladabi, ya nuna musu ayyukansa na baya-bayan nan, ya tambayi abin da zai yi su sake duba makin. Wasu makarantun kan ba da damar sake jarrabawar gwaji. Sai dai ina roƙonka kada ka matsa musu su ƙara abin da bai kai ba. Idan jami'a ta ba shi gurbi bisa sharaɗin AAA, a watan Agusta sai ya kawo AAA ɗin, in kuwa bai kawo ba, tana da ikon janye tayin.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin rabon zaɓi. Gurabe 5 UCAS ke bayarwa. Ya sa ɗaya ko biyu a inda yake buri ko da makinsa bai kai ba, domin ba kowace jami'a ke tsayawa kan abin da ta rubuta ba, kuma shafin UCAS yana nuna ainihin makin da aka karɓi ɗalibai da shi a shekarun baya a darussa da dama. Sauran kuma ya zuba su inda ake neman ABB ko BBB. Kada ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya don kawai sunan makaranta. Idan amsoshi suka zo, zai riƙe biyu, na gaba da na ko-ta-kwana, to na biyun lallai ya zama mai sharaɗi mafi sauƙi, in ba haka ba bai da amfani.

Ku kuma bincika rangwamen da wasu jami'o'i ke yi wa yara saboda unguwar da suke zaune ko makarantar da suka fito. Jami'ar Bristol, alal misali, takan sauke maki har mataki biyu ga waɗanda suka cancanta. Akwai kuma shekarar share fage a fannin injiniya, wadda ake shiga da maki ƙasa da haka, kodayake kuɗin shekara guda ne ƙari a kanka.

Ko duka biyar sun ƙi shi, ƙofa ba ta rufe ba. Tsarin Extra, mai ba da damar ƙara wani zaɓi, na buɗewa a ƙarshen Fabrairu, Clearing kuma, inda ake neman guraben da suka rage, a Yuli, kuma in sakamakonsa ya zarce hasashe, yana iya sakin gurbinsa ya nemi wanda ya fi ta nan. Tunda ba likitanci ko Oxford ko Cambridge yake nema ba, wa'adin 15 ga Oktoba bai shafe shi ba, yana da har Janairu.

Abu ɗaya da nake so ka yi mini: ka daina kwatanta shi da yayarsa a gabansa. Yaron da aka karya wa zuciya ba ya iya karatu, ga shi watanni ne suka rage masa. Ka ce ya kira ni ranar Asabar bayan la'asar ɗinku, mu duba jerin jami'o'in tare.

Ka gaida Hajiya da kyau. Mutanen gida duk suna gaishe ku. Allah Ya yi wa yaran albarka, Ya zaɓa masa mafi alheri.

Naka har kullum,
Amininka