Faɗuwar Florida State daga saman teburin ACC zuwa ƙarshensa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafinku na wasanni domin in yi tsokaci kan abin da ya sami ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Florida State a kakar 2024, domin a ganina masu ɗora laifin kan rashin sa'a ba su kalli tushen matsalar ba.

A shekarar 2023 ƙungiyar ta ci wasanni 13 a jere, ta ɗauki kofin rukunin jami'o'i na ACC, amma aka hana ta gurbi cikin huɗun da za su fafata neman kofin ƙasa bayan madugun harinta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Da kakar 2024 ta zo, an sa ta a matsayi na 10 a faɗin ƙasar, sai ga shi Georgia Tech ta doke ta da ci 24 da 21 a wasan farko a birnin Dublin, daga nan kuma abin ya ƙi gyaruwa. Ta kammala da nasara 2 da shan kaye 10, kuma cikin wasanni 8 na rukuninta California kaɗai ta iya ci, wanda hakan ya bar ta a ƙarshen teburi mai ƙungiyoyi 17.

Abin da na fi gani a matsayin sanadi shi ne yadda koci Mike Norvell ya dogara ga 'yan wasan da suka sauya sheƙa daga wasu jami'o'i, maimakon ya yi haƙurin renon matasan da ya ɗauko daga sakandare. Dabarar ta yi masa rana da irin su Jared Verse da Keon Coleman, amma da 'yan wasa 10 suka wuce gasar ƙwararru ta NFL lokaci guda, babu magada a gida, kuma DJ Uiagalelei da aka kawo daga Oregon State bai cike gurbin Travis ba kafin ma ya ji rauni a hannu.

Wani abin takaici ga magoya baya shi ne tun Disambar 2023 jami'ar ta maka ACC a kotu tana neman hanyar ficewa saboda ƙarancin kuɗin talabijin, sai ga ƙungiyar Jami'ar Southern Methodist (SMU), baƙuwar da ta shigo rukunin a 2024, ta lallasa Florida State 42 da 16, ta kuma ci duk wasanninta 8 na rukuni.

Bayan kashin da Notre Dame ta ba Florida State, 52 da 3, an kori mataimakan kocin masu kula da hari da tsaro. Shi kuwa Norvell, wanda ya sa hannu kan kwantiragin shekara 8 a Janairun 2024, an bar shi a kujerarsa, kuma ina da yaƙinin tsadar sallamarsa ce ta cece shi, alhali shi ne ya zaɓi hanyar da aka bi wajen haɗa ƙungiyar.

Na gode.

Mai bibiyar wasanni,
Kaduna.