Dariyar ranar Talata ba ta dace ba

Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da yadda mai gabatar da shirinku na lafiya ya rufe zancen binciken ɓeraye ranar Talata, wanda ya shafi rawar da ƙarancin oksijin ke takawa wajen ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Likitan ya yi bayaninsa tsaf, shi kuwa sai ya ƙyalƙyale da dariya, wai ashe ƙarancin iska ma gina ƙwaƙwalwa yake yi. Washegari a majalisarmu wani maƙwabcina ya maimaita mini maganar kamar hadda.

Bayoloji nake koyarwa a sakandare, na san abin da likitan ke nufi. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Ɗan tayin yakan fara gina ƙwaƙwalwa tun jijiyoyin jini ba su ratsa ta ba, oksijin kaɗan ne a wurin. Sai furotin ɗin da ake kira HIF-1 ya taru a ƙwayoyin halittar wurin, ya sa su fitar da sinadarin VEGF, shi ke sa jijiyoyin jini su tsiro. Da jini ya iso sai a rushe furotin ɗin, ƙwayoyin da ke ta hayayyafa su fara zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ɓeran da aka cire masa furotin ɗin ɗungurungum yakan mutu a ciki wajen kwana na 11. Gano wannan hanyar ce ta sa aka ba masana kimiyya Semenza da Ratcliffe da Kaelin kyautar Nobel a 2019.

Wannan tsari ne na farkon ciki, a kan ma'auninsa. Me ya haɗa shi da jaririn da ya maƙale a doguwar naƙuda?

Maiɗakina kwana biyu ta yi tana naƙudar 'yarmu ta fari a gida, tsofaffi na cewa a yi haƙuri. Da muka kai ta asibiti, yarinyar ta fito leɓɓanta sun yi shuɗi, ko kuka babu. Tukunyar oksijin ɗinsu wayam, ni na hau acaɓa cikin dare ina neman wata. Yau shekararta 7, wuyanta bai tsaya ba, uwarta ke ba ta abinci a baki. A unguwar da har gobe ake cewa mace ta daure ta haihu a ɗaki, kun miƙa musu hujja a hannu. Ku dawo da likitan nan ya gyara, a shirin, ba a Facebook ba.

Sannan don Allah lambar wayar da kuke karantowa: wata uku ina kira, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ba.

Mai sauraronku,
Pantami, Gombe