Baƙonku ya yi kuskure kan Kombi mai injin iska

Malam Edita, assalamu alaikum.

Gaskiya shirinku na motoci na ranar Asabar ya ɓata min rai, musamman inda baƙon naku ya dage cewa tsohuwar Kombi, bas ɗin nan ta kamfanin Volkswagen na Jamus, mai injin da iska ke sanyayawa, ta fi duk waɗanda suka biyo bayanta daɗin doguwar tafiya a kan kwalta, wai tunda ba ta da lagireto ba ruwanta da tafasa. Haba jama'a! Kuma mai gabatarwa ya yi shiru ya bar shi, har yana cewa haka ne ranka ya daɗe.

Ni ina da irin motar, T2 ce, wato samfuri na biyu na Kombi, wadda kamfanin Westfalia ya mayar motar kwana mai gado da risho da kabad a ciki, rufinta ma ana ɗaga shi. Mahaifina ne ya saya a hannun Turawan nan da suke ketowa ta Sahara, su biyo ta Tamanrasset da Agadas su sauko Damagaram su sayar da motocinsu su koma gida a jirgi. Ina sonta ƙwarai, ba zan sayar ba ko nawa za a ba ni, amma son abu ba zai sa in yi mata shaidar zur ba. Girman injinta cc 1600 ne, ƙarfin doki 50 kacal, ga nauyin katako da kayan kwana a kanta. In ka kai gudun kilomita 90 a awa a hanyar Kano zuwa Zariya sai ka ji injin yana kuka a bayanka, in tirela ta wuce ka kuwa iskarta kaɗai sai ta ture motar gefe, dole ka riƙe sitiyari da hannu biyu kana salati, don gabanta ba nauyi, komai yana baya.

Batun ba ta zafi kuwa wallahi wanda bai taɓa hawa Hawan Kibo da ita ba ne zai faɗi haka. Na hau da iyalina za mu Jos, a giya ta biyu muke rarrafe, warin baƙin mai ya cika motar, sai da na tsaya gefen hanya na buɗe bayan, murfin injin ko taɓuwa ba ya yi, yara suna zaune a kan dutse suna jiran ya huce. Injin iska ba ya tafasa ka ga tururi, shiru yake ƙonewa, sai dai ka ji bawul ya tafi. Duk bakaniken da ya san Beetle da Kombi ya san silinda ta uku ce ke fara mutuwa a tsofaffin, saboda abin sanyaya baƙin mai yana tare mata iska, shi ya sa kamfanin ya canza masa wuri a 1971. Ƙurar hunturu kuma in ta toshe haƙarƙarin injin ko fanbel ya tsinke ba ka lura ba, to ka gama.

Ta farkon ma, T1 da aka fara a 1950 mai gilashin gaba biyu, da doki 25 ta fito, ita ko 80 sai da ƙyar. T3 ta zo a 1979, ita ma da injin iska ta fara, Jamusawan da kansu suka ga ba ya kai su suka koma na ruwa a farkon shekarun 1980, har suka yi mai lita 2.1 da ya kai doki 112. Na tuƙa ta wani abokina, ta fi faɗi, tana zama daram a kan titi, ka wuce babbar mota ba tare da gabanka ya faɗi ba. Eh tana da nata ciwon, gasket yana yoyo kuma bututun ruwan dogo ne tun daga baya har gaba, amma a kan babbar hanya ba a haɗa su. T4 kuma da aka mayar da injin gaba a 1990 wannan wata duniya ce daban.

Abin da ya fi damuna matasa ne, yanzu suna ganin hotunan motocin nan a Instagram suna sha'awa, wani zai ji baƙonku ya kwashi kuɗinsa ya saya ya ɗebi iyali ya hau hanyar Abuja yana taka ta kamar Hiace. Ku gayyato tsohon direba ko bakanike ya gyara maganar nan a shiri na gaba.

Sannan don Allah layin wayar nan naku, tun farkon shirin nake kira ba a ɗauka, amma talla kam sai ta cinye kusan rabin lokacin. Ku rage ta ku bar mu mu yi magana.

Naku,
mai sauraronku daga Kano