Godiya ga matan Altyn Kol na garin Kochkor

Assalamu alaikum, iyayena mata da yayyena na ƙungiyar Altyn Kol.

Na san a cikinku babu mai jin Hausa. Da gangan na rubuta wannan wasiƙa da ita, domin mutanen gida nake so su ji abin da kuka yi wa 'yarsu. Ƙawata da ta kai ni wurinku ta yi alkawarin za ta fassara muku ranar da ta zo hutu, idan kun ajiye allura kun zauna shan shayi.

Ni ɗaliba ce daga Kano, ina karatun likitanci a Bishkek, babban birnin Kirgistan. Abin da ya haɗa ni da ku kuwa asara ce. A shekarata ta farko na shiga wani shago a birni na sayi 'yar darduma mai ado ja da baƙi, da niyyar in kai wa mahaifiyata tsaraba. Ba ta yi wata biyu a ɗakina ba adon ya fara ɓamɓarowa, ashe da gam aka manna shi. Ƙawata ta ɗaga ta, ta juya bayanta, ta yi tsaki, ta ce in bari sai hutun bazara ta kai ni garinsu in ga ta gaskiya. A watan Agusta muka hau ƙaramar motar haya, muka ratsa kwazazzabon Boom, muka bi gefen ruwan Orto-Tokoy, wajen awa uku muka sauka a Kochkor da ke lardin Naryn. A hanya ta gaya mini sunan garin ma "rago" yake nufi, sunan ƙungiyarku kuma "hannun zinariya". A zuciyata na ce kowa ma yana iya yi wa kansa kirari. To, na janye.

Ga 'yan uwa na gida, bari in yi ɗan bayani, don ban san sunan abin da Hausa ba. Su suna kiransa kiyiz. Ba saƙa ba ne, ba kaɗi ba ne, babu zare a jikinsa. Gashin tumaki ne ake jiƙawa da ruwan zafi da sabulu, a murza shi har ya kama juna ya zama shimfiɗa mai kauri. Wanda ya taɓa riƙe jar dara ya shafa jikinta ya san irin abin da nake nufi, sai dai wannan ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Ba mamaki da ba mu gaji wannan sana'a ba. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashinsu gajere ne miƙaƙƙe irin na ƙasar zafi, ba ya dunƙulewa. Nasu kuwa ulu ne mai laushi da lanƙwasa, wanda sanyin duwatsu ya sa musu. A makaranta na taɓa duba silin gashi a madubin ƙara girma, na ga jikinsa duk ɓawo-ɓawo ne kamar na kifi. Zafi da danshi da sabulu su ke buɗe ɓawon, murza kuma ta sa sili ya sarƙe da ɗan uwansa, daga nan ba sa rabuwa. Da na faɗa wa dattijuwar da ta karɓe mu wannan bayani, sai ta yi dariya ta ce da ƙawata, "Gaya wa 'yata, mu ba mu ga ɓawon ba, amma hannunmu ya san shi."

Godiyata ta farko ke nan, ba ku ɓoye mini komai ba. Na san masu sana'a da idan baƙo ya yi tambaya sai su ce sirrin gida ne. Ku kuwa tsakar gida kuka ja ni, kuka ɗaura mini gyauton aiki, kuka miƙo mini sanduna biyu sirara in bugi ulu. Haka muka durƙusa muna bugu har ƙura da ƙaiƙayi suka fita, ulun ya tashi ya yi sakwa-sakwa kamar audugar da aka shiɓe. Nan take na tuna kakata da bakan shiɓarta. Daga nan aka shimfiɗa tabarmar ciy, wata doguwar ciyawa mai ƙarfi da ake jerawa a ɗaure, kusan kamar asabarinmu. Aka baza ulu mai ruwan ƙasa a kanta, sannan aka ba ni ulu mai launi aka ce in zana abin da nake so. Ba alli, ba takarda, da yatsu ake yagar ulun ana ɗorawa. Wannan shi ne ala-kiyiz. Aka yayyafa tafasasshen ruwa, aka naɗe tabarmar, aka ɗaure da igiya, sai tattaka. Mu huɗu muka jeru muna taka naɗin da ƙafa muna mirgina shi daga wannan bango zuwa wancan, fiye da awa guda. Da aka kwance, aka koma murza shi da damtse, a durƙushe, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Kwana uku ban iya ɗaga buta da hannun dama ba.

Ni dai bishiyar kuka na yi niyyar zanawa. Abin da ya fito ya fi kama da tukunyar da aka kife, saboda ban san ulu yana tsukewa idan ya kama ba, kuma launuka suna ɗan shiga juna. Kun yi dariya, na yi dariya, amma ba wadda ta karɓa ta gyara mini. Yayata da ke kusa da ni ta ce haka ala-kiyiz yake, gefen adonsa ba ya fita tsaf, kamar dutse ne da hazo ya rufe. Tukunyar tawa tana nan a kan kujerar karatuna.

Inda hankalina ya tsaya shi ne wurin shirdak, wato dardumar kiyiz da ake yankawa a ɗinka. Na tsaya a bayan wata baiwar Allah tana aiki, na manta da shayina har ya huce. Ta ɗauko kiyiz biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ta ɗora wannan kan wancan. Ta zana ado da alli a na sama, hannu ɗaya, ba gogewa. Ta sa wuƙa mai kaifi ta yanke su tare. Sai ta musanya, jan ado ya shiga gurbin shuɗi, shuɗin ado ya shiga gurbin ja. Yanka ɗaya ya ba da fuska biyu, kowace madubin 'yar uwarta, ko ƙyalle bai faɗi ƙasa ba. Bayan an ɗinke su, ana bin bakin haɗin da wata igiyar ulu da aka tufka, wadda suke kira jeek, sannan a ɗora duka a kan wani kiyiz mai kauri, a bi da ɗinki layi bayan layi yana zagaya adon. Wannan ɗinkin, shirik, shi ya ba wa shirdak sunanta, kuma shi ke sa ta yi shekaru gommai ana takawa. A nan na gane abin da ƙawata ta nema da ta juya bayan dardumata ta farko: a ta gaskiya, ɗinkin yana fitowa ta baya.

Da farko adon bai ce mini komai ba, lanƙwasa ce kawai da murɗiya. Kuka zaunar da ni kuna nunawa da yatsa. Wannan mai naɗewa biyu ƙahon rago ne, alamar arziki da yalwa. Wannan ƙahon akuyar dutse. Wannan wutsiyar kare. Wannan sawun tsuntsu. Jerin kusurwoyin da ke gefe, fari da baƙi, duwatsu ne. Na ji, na gyaɗa kai, amma gaskiya ban gasgata sosai ba sai da kuka ba mu shawarar mu hau tafkin Son-Kul kafin makiyaya su sauko. Tafkin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 3,000, can ake kai dabbobi kiwon bazara. Da asuba na fito daga boz-uy, wato bukkarsu mai zagaye da ake lulluɓewa da kiyiz, sanyi yana yanka kunne a tsakiyar Agusta. Wani ƙaton rago ya ɗago kai ya dube ni. Wallahi ƙahonsa shi ne a kan shimfiɗar da na kwana. Na ɗaga ido, ga duwatsu jere, ƙasansu baƙi, samansu fari. Tun daga ranar ba na iya kallon shirdak ban ga garke da dutse a ciki ba. Hatta tutar ƙasar, abin da ke tsakiyar ranarta mai tsirkiya 40 shi ne tunduk, kambun katakon da ke saman wannan bukka inda hayaƙi ke fita.

Bayan na dawo Bishkek na ɗan yi bincike, sai na ga ashe abin ya daɗe fiye da tunanina. A kaburburan Pazyryk da ke duwatsun Altai a Rasha, waɗanda aka tono a ƙarshen shekarun 1940, an samu labulen kiyiz mai hotunan mahaya da kuma tsuntsayen ruwa da aka ɗinka da kiyiz, ƙanƙara ta adana su sama da shekara 2,000. Suna gidan tarihi na Hermitage a San Fitasbag. A Disambar 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa ala-kiyiz da shirdak cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto cikin gaggawa. Wannan kalma ta "gaggawa" ta dame ni, don na ga dalilinta da idona. Kafet ɗin kanti na roba ya fi araha, 'yan mata sun tafi birni ko ci-rani Rasha, ga kuma masu manna ado da gam suna sayar wa baƙi irina. Kun kuma ba ni labarin shekarun da suka biyo bayan 1991, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, gonakin gwamnati suka rushe, albashi ya tsaya, tumakin ƙasar suka ragu ƙwarai. Abin da da uwa ke ɗinka wa 'yarta a kayan ɗaki shi ya koma abin sayen gari da biyan kuɗin makaranta. Duk wanda ya tashi a gidan da mata ke ɗinkin hula ko suyar ƙuli-ƙuli a cikin kulle ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙara mini ganin girmanku. Na ɗauko wata shirdak mai shuɗi mai haske, na tambaya ko da ganye aka rina ta, don ina ta ba ku labarin marinar Ƙofar Mata da shuninmu na ganyen baba. Da kun ce mini e, da na yarda na ƙara kuɗi. Sai kuka ce a'a, wannan rinin kanti ne. Kuka jawo wata daban, fari da ruwan toka da ruwan ƙasa, kuka ce wannan ba ta ga rinin kanti ba, launin tumakin ne yadda Allah ya halicce su, ruwan ɗorawar da ke gefe kuma ɓawon albasa ne.

Irin wannan na ce a yi wa mahaifiyata. Tana fama da gwiwa, kuma zaman lazimi bayan sallar asuba a kan siminti lokacin hunturu yana wahalar da ita. Na faɗi girman da nake so, na roƙi kada a sa hoton wani mai rai, kuka ce in kwantar da hankalina, adonku ishara ce ba hoto ba. Kuka ce in ba ku wata huɗu. Na ba da rabin kuɗi, na tafi ina ɗan ɗar-ɗar, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wata huɗu bai cika ba saƙo ya iso ta hannun direban motar haya, an naɗe shi a farin buhu, an ɗinke bakin da zaren ulu. A ciki har da wasu 'yan silifa na kiyiz da ban saya ba, ƙawata ta ce na ɗakin kwanan ɗalibai ne, don kun ga yadda nake rawar ɗari.

A watan Janairu na kai ta Kano. Hajiya ta shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, ta zauna, ta daɗe tana shafawa ba ta ce komai ba. Can ta juya bayanta, kamar dai yadda ƙawata ta yi, ta bi ɗinkin da farce, ta ce, "Wadda ta yi wannan tana tsoron Allah." Ban gaya mata ma'anar adon ba, ita da kanta ta nuna tsakiya ta ce, "Wannan ai ƙahon ragon layya ne." Maƙwabta suka yi ta shigowa gani. Wata gwaggona ta dage sai an ce mata ko wane irin masaƙa ne ya fitar da wannan, na yi rantsuwa ba saƙa ba ce, har yau ba ta yarda ba.

Na isar mata da duk gargaɗinku. A riƙa shanya ta a rana ana kakkaɓewa, kada a tsoma ta a ruwa, a kula da asu, musamman da damina. Da na zo kan cewa ku a kan dusar ƙanƙara kuke kifa ta ku buga don ta fita tas, Hajiya ta ce in gaya muku wannan kam sai dai ku aiko mata da ƙanƙarar a buhu na gaba.

Ta ba ni saƙo in kawo muku, yana cikin jakata: turaren wuta, da lalle, da faifai biyu da ta saƙa da hannunta, masu ado ja da kore. Ta ce a ba dattijuwar da ta kira ni 'yarta guda ɗaya, ta duba bayansa ita ma. In Allah ya kai mu Agusta zan kawo da kaina, kuma a ajiye mini ulu mai ruwan toka, kukar nan sai na fitar da ita.

Rahmat, wato na gode, iyayena. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka, ya raya zuriya, ya ba tumaki lafiya.

'Yarku,
ɗalibar likitanci daga Kano,
Bishkek.