A Daina Binne Bayanan Bincike a Filashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna jan hankalin ɗaliban digiri na biyu da na uku a Jos da kewaye. Kundin bincike yakan isa laburare, amma alƙaluman da aka tattaro suna maƙale a filashi har ya lalace ko ya ɓata.

Akwai mafita kyauta. Zenodo, rumbun ajiyar bayanai na intanet wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, ta buɗe a 2013, yana karɓar har gigabayit 50 a ajiya ɗaya, ya ba ta DOI, wato lambar shaida ta dindindin da wasu za su riƙa ambato.

Kafin ɗorawa, a goge sunaye, lambobin waya da adireshin gidajen waɗanda aka yi wa tambayoyi; dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta wasa da wannan. A ajiye teburin alƙaluman a CSV (nau'in fayil na rubutu zalla) da tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ su koma alamar tambaya, "ƙasa" da "kasa" su cakuɗe. Gyaran kuma sai da hannu. A haɗa da ɗan fayil mai bayyana abin da kowane sashe na teburin ya ƙunsa: misali, buhun dankali ne ko kilo, an auna a Bokkos ko Mangu, a wane wata.

Masu bincike,
Jos